Baƙuwar Ƙarfe Uku

A bakin ruwan Okun-Ajah nake gadi:
tocila ɗaya, kujerar roba mai karyayyen hannu,
da janareton maƙwabta da ba ya gajiya da mita.

Ƙarfe uku na dare teku ta tofo wani abu.
Na ɗauka kifaffen kwalekwale ne,
sai kwalekwalen ya yi ajiyar zuciya.

Kififiya ce, faɗinta ya kusa tabarma,
tana jan ciki kamar mai dakon shekaru.
Ta yi tono da ƙafafun baya,
ta zuba ƙwai, dunƙule-dunƙule kamar dawon fura,
ta binne, ta share sawu, ta juya.
Ko kallona ba ta yi ba.

Da asuba Baba Whenu masunci ya duba sawun, ya ce:
a yashin nan aka ƙyanƙyashe ta,
tun nan duk kwakwa ce da sauro.
Ta tafi ba ta kai tafin hannu ba,
ta ci kiwo a ruwan da ba shi da suna,
yau ta dawo, ba ta tambayi kowa hanya ba.

Ɗana Ilu ya ce malaminsu ya ce
ƙasa kanta maganaɗisu ce,
kowace gaɓa da irin jan da take yi,
ita kuwa ta haddace na gidansu tun tana jaririya.

Na yi shiru.
Ni da na ɓata a Oshodi sau uku,
ni da na koma Ɗanbatta bayan shekara tara
na wuce ƙofar gidanmu
don kawai an sare tsamiyar.

Wata biyu ina korar karnuka daga wurin.
Daren da yashi ya fara tafasa
suka ɓullo, baƙaƙe, rututu,
amma maimakon su bi ƙyallin ruwa
sai suka nufo fitilar katangarmu.
Legas ta yi musu abin da ta yi mana:
ta nuna haske, ta ce nan ne.

Oga ya ce kada fitilar nan ta mutu ko na minti ɗaya.
Na tashi na kashe.

Cikin duhun na ji su suna juyawa,
ƙaramar ƙara, kamar ana sheƙar gero.
Sauran bayani sai da safe,
in ya tambaya.