Hatimi a Kakuri

Ran Talata aka ba ni jerin shaguna goma sha ɗaya,
da hatimi, da kwaɗo biyu, da kuɗin mai na rabin hanya.
Aka ce: duba lasisi, duba rasit na haraji,
kar yaro ya shiga, kar allo ya kwana a kunne.
Abin da ya wuce haka ba naka ba ne.

Na haye gada, kogi ya janye ya bar duwatsu,
na gangara Kakuri.
Shagon Ishaya na bayan tsohuwar masaƙa,
benci uku, fanka ɗaya, janareto na tari a ƙofa.
A jikin bango dawakai na gudu a wata ƙasa
mai ciyawa shar, kamar an shafa mata mai.
Babu ƙuda, babu warin barga,
kofato na dukan ƙasa, ƙasarmu ba ta ji.

Ni ɗan barga ne, ban faɗa a ofis ba.
Ubana Tsalha shekara ashirin da shida
yana wanke dokin wani a bayan filin sukuwa.
Yana gane zazzaɓi daga kunne,
yana gane mai nasara daga yadda ya lashi kanwa.
Sisinsa bai taɓa hawa bayan doki ba.
Yakan ce, in ya karye,
mai kuɗi gida zai tafi, ni zan kwana da shi.

Ishaya ya miƙo takardu cikin leda.
Ina cikin karanta kwanan wata
sai wata murya daga bencin ƙarshe:
Kai, ba ɗan Tsalha ba ne?

Baba Jatau.
Shi da ke kawo mana ƙyallen atamfa da salla
tun injinan masaƙa na da numfashi.
Hularsa ta koɗe, idonsa bai koɗe ba.
Ya ce, zo duba min akawal ɗin can, lamba bakwai,
abin a jininku yake.

Doka ba ta ce in duba doki ba.
Ba ta kuma ce kar in duba ba.
Na ga akawal na ɗage ƙafar hagu,
na ga kunnensa ya kwanta.
Na sunkuya kamar mai gyara takalmi,
na ce, Baba, bar bakwai. Huɗu.

Ya kwance bakin aljihu.
Dubu ɗaya da ɗari biyar, duk sun sha hannu.
Inji ya tofo masa 'yar takarda.

Minti biyu ba su cika ba.
Ɗakin ya miƙe tsaye, ana zagin dabbar da ba ta jin Hausa.
Bakwai ya shigo kamar an harbo shi.
Huɗu ya zo na shida, yana kallon gefe.

Baba Jatau ya yi dariya har da tari.
Ya ce, ubanka da hannu yake gani, yaro,
kai ka duba ta gilashi.
Ya ninke takardar, ya sa a hula,
ya ce ko da ɗari biyu a jikinka, in hau mota zuwa Nasarawa?

Lasisin Ishaya lafiya lau.
Haraji ya biya har na wata mai zuwa.
Babu yaro a ɗakin, kowa da furfurarsa.
Na hura wa hatimi iska, na danna.

A fom akwai gurbin suna, gurbin lamba,
gurbin yawan allo da faɗin ɗaki.
Na juya bayansa, fari fat.
Ban ga inda ake rubuta Jatau ba.

Saura shago goma.
Na tada babur, na nufi Barnawa,
kwaɗo biyu na karo a cikin jaka
kamar likkafar dokin da ya dawo ba mahayi.