Wutsiyar Wasiƙa

Babana ba ya gani sosai yanzu.
Yatsunsa tun zaman Babbar Ruga suka gajarce,
ba sa kama takarda, sai dai su ture ta.
Shi ya sa da la'asar, in na tashi daga keken ɗinki,
nakan kife turmi in zauna
a gidanmu na bayan Ƙofar Ƙaura,
in karanta masa tsoffin wasiƙun nan
da masu bi na farko suka aika wa juna,
wata a ƙafa, wata a jirgin ruwa,
wata daga kurkuku.

Ni tsakiya nake so,
inda magana ke tashi sama kamar shirwa:
alheri, bege, tashi daga matattu.
In na kai wutsiya sai in rufe.
"Saura gaishe-gaishe ne, Baba."
Sai ya buga sanda a ƙasa.
"Ɗiyata, wa ya ce miki ana zubar da ƙanzo?
Karanta."

Sai in yi ta tuntuɓe da sunaye
waɗanda harshen Bahaushe bai saba da su ba.
Ana gaida wance da ta sha wahala,
ana gaida wane da masu taruwa a zaurensa,
ana tuna wa wani rigar sanyin da aka manta.
Wasu mata biyu an roƙe su su shirya.
Shekara kusan dubu biyu,
ba wanda ya san abin da ya haɗa su.

Baba ya yi dariya har da tari.
"Ai Lantana ce da Gwamma!"
Tun rigimar kuɗin rufin majami'a
ɗaya ke zama gabas, ɗaya yamma,
baki na rera waƙa guda,
ido na kallon bango daban-daban.
"Kin gani? Su ma can miyarsu na ƙonewa.
Da ba su da tsatsa, wa zai aika musu da toka?"

Ranar Laraba ya ce in ɗauko biro.
Mutanen ƙauyenmu sun watse
tun daren da aka kore shanu,
wasu na Funtuwa, wasu na Zariya,
Nomau an ce har Maraɗi.
Na ce, "Baba, akwai waya."
Ya ce, "Maganar waya ruwan rani ce,
kafin ki ɗauko tulu ta ƙafe.
Takarda ana sa ta ƙarƙashin matashi."
Na ce, "Mu ba manzanni ba ne."
Ya ce, "Mai ɗinkin tanti ya rubuta da yawansu.
Ke kina ɗinka zane. Mi ya rage?"

Wa'azinsa layi uku ne, ba ƙari.
Sauran duk wutsiya.
A gaida Kande, a ce irin gerenta na wurinmu.
A gaida Nomau, ya daina kwana da fushi.
A gaida Malam Sada,
alƙiblarsa daban da tamu,
amma rumbunsa ne ya ɓoye yaranmu bakwai
har gari ya waye.
A gaida Shekarau.

Nan hannuna ya tsaya.
Shekarau da ya tafi da kuɗin takin jama'a,
har da jaka biyu ta uwata,
wadda ta rasu tana jira.
Baba bai ga fuskata ba, amma ya ji shirun.
Ya daɗe yana murza kan sanda.
"Rubuta shi da manyan baƙaƙe.
A ce tabarmarsa na nan, ba a naɗe ba."
Na rubuta. Bai yi kyau ba, ya karkace,
amma yana karantuwa.

Direban Funtuwa zai tashi da asuba.
Da dare labari ya zaga unguwa,
sai ga Lantana, tana da ƙane a can.
Ba a jima ba sai ga Gwamma,
ita ma ɗiyarta na can da goyo.
Suka tsaya bakin fitila,
kowace na kallon inuwarta.
Sauran fili a ƙasan takardar bai fi tafin hannu ba.

Biro ɗaya ne a gidan.
Sai da ɗaya ta miƙa wa ɗaya.