Gona a Cikin Buhu

Fari ne ya koro ni daga Illela,
na gangaro Ikko neman ƙasa mai laima.
Na samu, har ta yi mini yawa.

A bayan Badagiri, bakin ruwan nan mai launin shayi,
na karɓi aron fili taki arba'in
daga hannun Mama Sewanu mai banda kifi.
Shekara tara ina yankan alayyafo da lalo,
ina duban gabas in faɗi ranar da hadari zai haɗo.
Yanzu gabas ta daina gaya mini gaskiya.

Bara ruwa ya sauka a watan da ba nasa ba,
kwana huɗu bai ɗauke ba.
Kogi ya tsallako kunya ya kwana a gonata,
da zai tafi ya bar fari-fari a kan ƙasa
kamar an zubar da kanwa.
Tattasai ya sunkuyar da kai,
bai sake ɗagowa ba.

Na kife bokiti na zauna ina lissafin bashi.
Mama Sewanu ta zo, ta lashi ƙasar, ta tofar,
ta ce da Hausarta ta kasuwa:
"Jatau, ƙasa ya sha gishiri. Ɗaga shi sama."

Sai na bi magina ina tsintar buhunan siminti.
Na wanke, na huda gindinsu da ƙusa,
na ɗura jar ƙasar tudu da kashin kaji,
na jera su kan katako da tsofaffin tayoyi.
Yau gonata a tsaye take, ta kawo mini ƙugu.
Buhu ɗari da sittin da uku.
Ɗaya ya fashe jiya.

Iri kuwa na daina zuba shi rana ɗaya.
Kashi uku nake yi, mako biyu tsakani,
in sama ta cinye na fari
ta tarar na biyu bai fito ba tukuna.
Ganga biyu na ajiye bakin indararo,
ruwan da ya cuce ni shi zai biya ni da rani.

Yayana ya kira daga gida, ya yi ta dariya:
"Noma a buhu? Ai buhu na bayan girbi ne."
Na ce haka ne.
Muka yi shiru, kati yana ƙonewa.
Can ya ce, gero bana ma bai yi ba,
ƙusar da kake hudawa,
ƙarama ce ko babba?