Gurbi na Huɗu

A ofis sun ba ni takarda mai gurbi uku:
tatsuniya, tarihi, camfi.
Suka ce, "Je ka yankin Tiga ka cike su,
kada ka dawo da abin da ba shi da suna."

Na tarar da Tabawa a gindin ɗorawa
tana ɓarar gyaɗa a faifai.
Na danna rikoda, jar fitila ta kama.
Ba ta ce ga ta nan ga ta nanku ba.
Cewa ta yi, "Shekarar da aka tashe mu
ina goyon Ilu."

Garinsu, in ji ta, yana ƙarƙashin dam,
da marinar, da rijiyar kakanta,
da kukar da ake ɗaure jakuna ranar kasuwa.
In ruwa ya ja da bazara
masunta kan ji daka daga can ƙasa,
lugude, taɓarya biyu,
ɗaya tana ɗan makara.
"Ta Kande ce, mai ciwon kafaɗa.
Saura kwana tara motoci su zo muka binne ta."

Alƙalamina ya doshi camfi.

Sai ta kwance bakin zane,
ta fito da takarda da ninki ya cinye:
diyyar gona, eka biyu, ga hatimi.
"Biyar ce. Mai awon ya gaji da rana,
a inuwa ya ƙarasa lissafinsa."

Alƙalamina ya juyo tarihi.

Jikanta da ke gyaran keke ya yi dariya:
"Iya, bara taɓarya ɗaya kika ce."
Ba ta ɗago ba.
"Bara ai Hansai na da rai."

Gyaɗa ta ci gaba da faɗawa faifai.

Tatsuniya tana da ƙurunƙus,
a kakkaɓe tabarma, yara su kwanta.
Tarihi yana son kwanan wata da sa hannun babba.
Camfi kuwa akwatin da muke jefa
duk abin da talaka ya gani
ba mu gani ba.
Wannan fa?
Yana da shaida mai numfashi,
da kabarin da sai da kwalekwale ake wuce shi,
kuma duk wanda ya rasu a sabon gari
labarin kan mai da shi gida.

Na koma Kano da kaset ɗaya.
A gefen takardar na ja gurbi na huɗu,
karkatacce, don a bayan a-kori-kura na zana shi.
Ban rubuta masa suna ba.

Shugabana ya ce, "Wannan a wane kanta za a ajiye?"
Na kunna masa.
Muryar Tabawa, kukan akuya, ƙarar sarƙar keke,
can baya kuma, dum, dum-dum.

"Maƙwabta ne ke daka," in ji shi.
Mai yiwuwa.
Na mai da kaset baya,
ina ƙirga taɓare.