Takardar Teku

Ban taɓa ganin teku ba.
Iyakar ruwan da na sani shi ne Tiga,
sai wanda ke shigo mana Kantin Kwari duk Agusta.
Amma yau teku ya aiko mini da takarda.

Sabi'u yaron shagona ya karanta, yana cije kalmomi:
jirgi ya kafe a yashi,
kwana huɗu ba gaba ba baya.
Don ya rage nauyi ya taso
aka tura kwantena goma sha ɗaya cikin ruwa,
tayil ɗin wani, injinan ban-ruwa na wata mata daga Aba.

Shaddata ko ɗigo bai taɓa ta ba.
Duk da haka wai sai na biya kasona
kafin a sakar mini kaya a Apapa.
Na ce ina ruwan biri da gada?
Ni na ja jirgin zuwa yashi?

Da dare na yi ta juyi a kan katifa.
Sai lissafin ya zo da kansa:
wuyan tayil ɗin mutumin nan shaddata ta taka ta haye.
Da mai ƙugiya ya waiwaya hagu maimakon dama,
da yanzu kifi ne ke sanye da geznata.

Bayan Azahar na sa hannu, hannun yana nauyi.

Ban san sunansa ba,
ban san alƙiblar da yake kallo ba.
Amma muna da haja ɗaya, ni da shi,
a ƙarƙashin ruwa.