Ƙwayar da Kaza ta Tsince

Baba Tabawa na sheƙar riɗi a bayan rumbu,
ni ina kan turmi da littattafan 'yan aji shida,
jan birona ya ƙafe tun azahar.

Na ce, Baba, ɗauki ƙwaya guda.
Gobe ki ninka ta, jibi ki ninka ninkin,
haka dai, har sau talatin da ɗaya.
Ta ce, aikin banza, makaho da waiwaye.
Na ce, ranar ƙarshe sai kin kira motar Maigatari,
buhu sittin ba zai kwashe ba.

Tarin nan mai sauƙin kai ne.
Raba shi biyu, ya yarda. Sake rabawa, ya yarda,
har ya komo ƙwayar da kika fara da ita.

To, sai kaza ta ratso ta tsinci ɗaya.
Ɗaya tak.
Saura biliyan biyu, da miliyan ɗari da arba'in da bakwai,
da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku,
da ɗari shida da arba'in da bakwai.
Daga nan ya kafe.

Kira 'ya'yanki biyu ki kasa musu:
ƙwaya ɗaya ta rage a faifai tana kallonki.
Kira uku, kira bakwai, tara, sha ɗaya,
ita ce dai.
Biyar suka zo, biyu suka rage.
Tara Gagarawa da ƙauyukanta, ki yi ta ƙara mutum ɗaya ɗaya
har ki haura dubu arba'in da shida,
ba kason da zai tashi daidai.
Ko dai mutum guda ya kwashe duka,
ko kowa ya tafi da ƙwaya ɗaya a tafin hannu.
Ba ta da ƙofa ta uku.

Baba ta dakata, ƙaiƙayi na sauka a ɗankwalinta.
Shekara arba'in tana awo,
ba ta taɓa ganin tiyar da ta gagari rabo ba.
Ta dubi kazar. Ta dube ni.
Ta ce, wuƙa ta yi nisa, kuma tana ƙwai.
A ba ta ta biyu mana.

Na ari fensir a jakar Cindo, na juya bayan littafinsa.
Wallahi haka ne.
Cire ɗaya: biyu sun raba, uku sun raba,
bakwai da tara da sha ɗaya kowa ya sami nasa.
Maƙwabciyar dama mai rabuwa, ta hagu mai rabuwa,
ita kaɗai a tsakani, ƙofa a rufe,
kamar gidan Gwaggo Yelwa da ba a shiga aron rariya.

Aka kira magariba.
Baba ta ce, tashi mini daga turmi, Malam,
riƙe bakin buhun nan.
Na riƙe. Riɗi na zuba, ban san ko nawa ba ne,
kazar kuma tana nan a ƙafata, tana ta lissafinta.