Zarafi

A bakin gidan waya na Gadarif
babana ke zama da tebur mai ƙafa uku da rabi,
bulo ne ya cike rabin.
Yakan rubuta wa masu yankan riɗi wasiƙa,
ya ninke, ya lashi baki, ya danne da babban yatsa.
Mu a gida ambulan muke cewa.
Mutanen gari su ce zarf.
Shi kuwa ya ce ko wanne ka kira, kuɗinsa ɗaya.

Ranar da Ustaza Mahasin ta rubuta zarf a allon nahawu
na ɗaga hannu, na ce muna da shi fal a teburinmu.
Har 'yan bayan aji sai da suka farka don dariya.
Ta ce wannan ba a manna masa kan sarki.
Kalma ce da aiki ke kwana a cikinta,
ta lokaci ko ta wuri:
jiya, gobe, ƙarƙashi, tsakani.
Na taho gida ina juya maganar.
Ashe gobe ma jaka ce,
a zuba mata alkawari, a liƙe.

Ƙanena Mujtaba ya karanto gini a Madani,
ya ce su ma suna da nasu:
bango, rufi, taga, duk abin da ya shiga
tsakanin zafin waje da numfashin ciki,
shi ne ambulan ɗin gida.
In ya tsage, sanyin da ka saya ya tsiyaye titi.
Matarsa, mai awon jini a asibiti, ta ce
har wata ƙwayar cuta tana yawo cikin nata,
'yar rigar maiƙo, sabulu ke farke ta.
Baba na kaɗa shayi, bai ɗago ba, ya ce,
To, duk kun ci gadona tun ina raye.

Yana da wa a Kazaure, Sambo,
wanda ya juya daga hanya tun suna samari.
Kowace sallah Inna ta ce, ka rubuta masa mana.
Ya ce, in na sami zarafi.
Shekara nawa ina jin kalmar
ban taɓa jiyo zarf a cikinta ba,
sai bayan sadakar bakwai
da na ja aljihun teburin.

Guda goma sha ɗaya, ɗaure da zaren buhu.
Suna iri ɗaya a bayansu, gari ɗaya,
kan sarki na tsada kala-kala, har na kuɗin da aka daina karɓa.
Duk a liƙe.
Na ɗaga ɗaya ga hasken taga
kamar yadda ake duba ƙwai.

Mujtaba ya ce, buɗe.
Na ce ba sunana ne a kai ba.
Ya ce ai Sambon ma ya rasu bara waccan.
Na ce na sani.
Na mayar da zaren, na gyara bulon.